Mai Gudun Lissafi Kada Ya Fake Da Tsimi Da Tanadi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta kama mu, mu 'yan ajin ƙarshe, duk sa'ad da aka zo cike takardar JAMB. Yaro zai duba ya ga shi da lissafi ba sa ga-maciji, sai ya ce to aikin likita ya fi ƙarfinsa, injiniya ma haka, bari ya rubuta Ilmin Tsimi da Tanadi, watau abin da yanzu aka fi kira tattalin arziki. A zatonsa ba abin da ake yi a can sai surutu a kan banki da kasafin kuɗi da tsadar kaya, irin wanda muke ji a rediyo da safe. Wannan kuwa shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Tun daga bakin ƙofa ma, mai neman wannan fanni dole ya zauna jarrabawar lissafi a JAMB, kuma dole ya ci shi da kyau a jarrabawar fita sakandare. In Allah ya sa ya shiga, ko a Jami'ar Bayero ne ko a ta Ahmadu Bello, zai tarar lissafin da ya baro a Rano ya riga shi isa, ya shimfiɗa tabarma yana jiransa.

Na tambayi yayyenmu da suka riga mu shiga, na kuma duba littattafan da suke zuwa da su hutu. A shekarun farko aljabara ce, da wani lissafi da ake kira kalkulas, da jeren lambobi da ake shiryawa layi-layi kamar kunyoyin gona, sa'an nan ƙididdiga. Daga baya a haɗa su duka a koya wa mutum yadda zai gina kwaikwayon kasuwa a kan takarda, ya zuba masa lambobin gaske, ya ga abin da zai fito. Wanda ya shiga da niyyar haddace bayani ya juye ranar jarrabawa, to, ya shirya ganin tasku.

Amma ban ɗauko alƙalami don in tsorata kowa ba. Abin da nake so shi ne mu da yawa mu shiga wannan fanni, mu shige shi da idonmu buɗe, domin a ganina ba ƙasar da ta fi bukatar irin wannan lissafi kamar tamu ta Rano da Kibiya. Ku ba ni dama in kawo dalili daga gona, tun da yawancinmu 'ya'yan manoma ne.

Ku ɗauki tumatir. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya a lokacin rani ya ga Kwanar Gafan, ya san labarin. Wata shekara kwando ya yi tsada har manomi ya sayi babur ya ƙara aure. Shekara mai zuwa kowa ya ce shi ma tumatir zai yi, daga Kadawa har Bunkure ƙasa ta yi ja wur, motocin Legas su ƙoshi, kwando ya rasa mai taya shi. Sai jama'a su yi fushi su koma alkama da albasa, tumatir ya sake tsada. Mu muna cewa rashin sa'a ne, ko mu ce dillalai ne suka haɗa baki. Masana kuwa sun daɗe da ba wannan abu suna. A 1934 wani masani a Ingila, Nicholas Kaldor, ya kira shi saƙar gizo-gizo, domin in ka zana hawa da saukar farashin a takarda haka yake fitowa. A 1938 wani Ba'amurke, Mordecai Ezekiel, ya yi masa cikakken bayani. Tushen maganar ɗaya ne: manomi da farashin bara yake shuka, amma da farashin bana yake sayarwa.

Ga inda lissafin ya fi hira. A ɗauka, don misali kawai, farashin da zai daidaita mai saye da mai sayarwa Naira 10,000 ne kwando, bara kuwa an sayar 14,000, watau an haura da 4,000. Idan manoma ba su cika rububi ba, har ya zama kowace shekara gibin yana juyawa ya ragu da rabi, to bana za a sayar 8,000, baɗi 11,000, baɗin baɗaɗa 9,500, a haka har kasuwa ta lafa da kanta. Amma idan manoma masu saurin rububi ne, masu saye kuwa ba sa ƙara cin tumatir sosai don ya yi araha, har gibin ya riƙa ninkuwa sau ɗaya da rabi, to daga 14,000 sai 4,000, daga nan sai 19,000, shekara ta gaba kuma lissafi ya faɗa ƙasa da sifiri. Ƙasa da sifiri a takarda shi ne tumatirin da muke gani an zubar a bakin titi saboda bai kai kuɗin mota ba. Kun ga bambancin kasuwar da za ta gyara kanta da wadda za ta riƙa karya mutane duk bayan shekara biyu yana cikin lamba ɗaya tak: shin ta kai ɗaya ko ba ta kai ba? Wannan lamba ba a gane ta da ido, ba a kuma gane ta da yawan shekaru a kasuwa. Aunawa ake yi. Kuma wanda ya aunata shi zai iya gaya wa hukuma ko ƙungiyar manoma abin da ya kamata, ko a rarraba lokacin dashe, ko a ƙarfafa shanya da busarwa, ko a ƙulla ciniki da masana'anta tun kafin a shuka. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta zo daidai da shekarar da tsutsar nan ta cinye gonaki, ta kuma sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Ashe ko mai kuɗi bai tsira daga wannan tambaya ba.

To, mu da ke gefen Kibiya, da yawancinmu noman damina muka dogara da shi, kada mu ce wannan zancen masu ban-ruwa ne. Ga namu. Magidanci yana da eka 4, kuma a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke neman cinye shuka, shi da yaransa aikin kwana 60 kawai za su iya haɗawa. A ce ekar dawa tana cin kwana 10 ta ba da ribar Naira 100,000, ekar gyaɗa kuwa tana cin kwana 20 ta ba da 150,000. Waɗannan lambobi ni na ƙago su don misali. Me zai shuka? Mai gaggawa zai ce gyaɗa duka, ai ta fi riba. Amma hannunsa eka 3 kaɗai zai iya nomewa, ya tashi da 450,000, eka ɗaya ta zama saura. In ya yi dawa duka ya sami 400,000, kwana 20 kuma sun tafi a banza. In ya raba biyu da biyu, ya ci kwanakinsa 60 cif, ya ci gonarsa duka, ya tashi da 500,000. Wannan ɗan wasa da za a iya yi a bayan littafi shi ne ƙaramin ɗan'uwan wata dabara da wani Barashe, Leonid Kantorovich, ya fito da ita a 1939 sa'ad da wata masana'antar katako ta nemi ya tsara mata aikin injinanta, wadda kuma George Dantzig na Amurka ya samo hanyar warware ta a 1947. Da ita ake tsara abincin kaji da zirga-zirgar jiragen sama. In amfanin gona ya kai goma, sharuɗɗa suka kai ashirin, to bayan littafi ba zai ɗauka ba, sai ilmin jami'a da kwamfuta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne lissafin bai zo ya ƙaryata iyayenmu ba. A da, malaman gona da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci-baya ne, suna cewa a ware kowanne daban kamar yadda ake yi a Turai. Daga tsakiyar shekarun 1960 wani masani, David Norman, da abokan aikinsa a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka zauna da manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da aka girbe. Da suka buga lissafi sai suka ga manomi ne da gaskiya. Haɗin shuka ya fi ba da amfani a kan eka, ya fi biyan wahalar lokacin noma wadda ita ce ta fi ƙaranci, kuma in damina ta yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Kakanninmu sun san haka tun ba a haifi Norman ba. Sai dai ba wanda ya saurare su a ofis sai da aka mai da saninsu lambobi. Ni wannan abu yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo, domin me zai sa sai baƙo ya zo ya fassara mana hikimar gidanmu kafin a yarda da ita?

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi girma, watau ruwa. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwanta ne ke bi ta babbar hanyar ruwa ta wajen Ruwan Kanya ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Mu a nan alheri muka gani, ba mai musu. Amma kogin nan ba a nan ya tsaya ba. Shi ne ke gangarawa Haɗeja da Nguru, inda dubban mutane ke jiran ambaliyar kowace shekara don shinkafa da su da kiwo. A shekarun 1990 wasu masana, cikinsu har da Edward Barbier da Julian Thompson, suka haɗa lissafin tafiyar ruwa da na tattalin arziki, suka auna abin da ake samu a manyan gonakin ban-ruwa na sama da abin da ake rasawa a fadamun ƙasa idan ambaliya ta ragu. Sakamakon da suka buga a 1998 ya nuna ribar sama ba ta kusa biyan asarar ƙasa ba, suka kuma goyi bayan a riƙa sakin ruwa daga madatsun a kan tsari don fadamun su rayu.

Wannan magana ba ta yi wa ɗan Rano daɗin ji, na sani. Amma ku duba fa. Duk ranar da aka zauna rabon ruwan Tiga da na Challawa tsakanin Kano da Jigawa da Yobe, irin waɗannan takardu za a ɗora a kan tebur. In akwai kuskure a ciki, misali an raina amfanin shinkafar da ake nomawa yanzu, ko ba a lissafa ruwan shan birnin Kano yadda ya kamata ba, wa zai nuna? Sai wanda ya iya bin lissafin layi-layi ya ce ga inda aka karkace. In kuwa ba kuskure, to mutanen Haɗeja 'yan'uwanmu ne, gara mu san gaskiya mu nemi rabon da ba zai cuci kowa ba. Wakilin da ya je wannan zama da kakkausar murya kawai, za a ba shi shayi, a gode masa, a yanke hukunci bayan ya fita.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma Allah ya ƙara muku girma, maganarku tana da ƙamshin gaskiya. Za ku ce ai masu wannan lissafi su ne suka kawo mana tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, su ne kuma suka ce a cire tallafin man fetur a 2023, ga shi kuwa mun ji a jikinmu. Haka ne, masana sukan yi kuskure, wani lokaci ma su san abin da zai faru su rufe ido. Amma maganin mugun ma'auni ba shi ne a daina awo ba. Ga misali na kusa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a Janairun 2025 kuma ta ce kashi 24.48. Wanda bai sani ba sai ya ce ko dai kaya sun sauko cikin wata ɗaya, ko kuma ƙarya ake yi mana. Alhali abin da ya faru shi ne an sake kwandon kayan da ake aunawa da nauyin da aka ba kowanne, an kuma matso da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Ko an kyauta ko ba a kyauta ba, wannan muhawara ce ta masu lissafi, sauranmu 'yan kallo ne. Kano ta fitar da irinsu, kamar Dokta Shamsuddeen Usman da ya yi ministan kuɗi daga 2007 zuwa 2009. Me zai hana Tarai ko Rurum ko Saya-Saya su fitar?

Wasu kuma daga cikinmu ɗalibai suna cewa lissafi baiwa ce, wani ma ya ce abin Turawa ne. Kai, wannan ko a mafarki! Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Alkawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, irin lissafin da malaman zaure ke yi a garuruwanmu har gobe. A nan ƙasar Hausa an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi kuma suna ambatonsa har yau. Ku bar ma tarihi, ku leƙa cikin gida. Uwar da ke yin ƙuli-ƙuli ta san kwalba nawa na mai za ta samu a kwano nawa na gyaɗa, ta san in mai ya faɗi nawa za ta ƙara wa ƙuli don kada uwar kuɗi ta karye, tana kuma riƙe da zubin adashi uku a kanta ba takarda. 'Yar wannan mata ce za a ce ba ta da kan lissafi? Abin da ya rage mata shi ne a nuna mata cewa harafin da malam ke rubutawa a allo kwanon gyaɗar nan ne aka sake wa suna. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwanmu mata kada su bari a tura su wani fanni don kawai an ce wannan na maza ne.

Ba na ɓoye cewa makarantun karkara da yawa suna fama da ƙarancin malaman lissafi, wani aji ma sai ya yi zango guda bai gama abin da aka tsara masa ba. Gwamnatin Kano ta taɓa ganin irin wannan matsala ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kowa kuma ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Iyaye suna da bakin da za su nemi a turo malamai, ta hanyar ƙungiyar iyaye da malamai da kuma wakilanmu. Mu kuma 'yan aji huɗu da biyar su sani ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bar aljabara ta wuce shi yanzu, kalkulas ba zai yi masa sassauci ba.

Sai dai akwai wani gargaɗi da ya kamata mai sha'awar wannan fanni ya riƙe. Wata Baturiya, Polly Hill, wadda shahararren masanin nan Keynes kawunta ne, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma yi bincike a Ɗorayi ta Kano. A littafinta na 1986 ta caccaki masanan da ke gina manyan lissafai a kan alƙaluman hukuma waɗanda ba wanda ya je ƙauye ya tabbatar da su. Tana da hujja. Mu da kanmu mun san kwanon wannan kasuwa ba lalle ya zama daidai da na waccan ba, wani a cika shi har ya yi tsororuwa, wani a share bakinsa. Kwandon tumatir akwai babba akwai ƙarami, buhu ma haka. Wanda ya zauna a Abuja ya rubuta "farashin kwando" bai san wane kwando ba, komai kyan lissafinsa a kan yashi ya yi gini. To a nan ne ɗan Rano da ɗan Kibiya suka fi shi, in har sun iya lissafin, domin su sun san kwandon, sun san dillalin, sun san watan da manomi ke sayar da hatsinsa da araha don biyan bashin taki da watan da yake komawa ya saya da tsada.

Saboda haka ina da shawara ga shugaban makaranta da malaman lissafi da na tsimi da tanadi, wadda ba ta bukatar kuɗi sai littafin rubutu ɗaya da sikeli ɗaya. A zaɓi ɗalibai, waɗanda ke zuwa daga Rano da waɗanda ke zuwa daga Kibiya, kowace ranar kasuwa su rubuta farashin abubuwa shida: dawa, gero, masara, gyaɗa, wake da tumatir. Kafin a fara, a ɗora kwanon kowace kasuwa a sikeli a san kilo nawa yake ɗauka na kowane hatsi, a rubuta a shafin farko. A riƙa ɗaukar farashi daga bakin mutum uku, a lokaci ɗaya na yini, a rubuta kwanan wata. Ajin da ya fita ya miƙa wa na bayansa. Cikin shekara ɗaya za a iya zana yadda farashi ke tashi daga kaka zuwa bazara, a lissafa ko ajiyar buhu wata shida tana biyan kuɗin magani da hasarar ƙwari. Cikin shekara biyar za a fara hango lambar nan ta tumatir da na ambata, a ga ko ta kai ɗaya ko ba ta kai ba. Mu 'yan ajin ƙarshe ba za mu ga wannan ba muna makaranta, amma mu uku mun riga mun yarda za mu sayi littafin mu yi awon kwanon kafin mu fara jarrabawa, in malamai sun amince su ba mu aron sikelin ɗakin kimiyya.